Yadda aka gano ɗana mai sikila yana bakin shanyewar ɓarin jiki, da maganin da aka ɗora shi a kai

Ɗana na biyu da sikila aka haife shi. Ni AS ce, mahaifinsa ma AS ne, kuma lokacin da aka ɗaura mana aure ba a fara tilasta gwajin jini ba kamar yadda dokar Jihar Kano ta 2024 ta yi. Yayarsa ta zo AA, shi ya zo SS. Bai kai shekara ba muka gane, ranar da bayan hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura suntum, ya kwana yana tsala ihu, ko zani ya taɓa shi sai ya ƙara. Daga nan muka shiga layin da duk uwar mai sikila ta sani: folik asid kullum, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, gorar ruwa duk inda za shi, rigar sanyi da safa da zarar hunturu ya kunno kai. Ciwon ƙashi da ƙarancin jini su ne abin tsorona a shekarun nan. Shanyewar ɓarin jiki kuwa, a sanina ciwon dattawa ne masu hawan jini.

Yana aji ɗaya na firamare wata likitar yara a asibitin da muke zuwa a Kano ta ɗaga kai daga katinsa ta ce, "Maman yaro, an taɓa duba masa gudun jini a ƙwaƙwalwa?" Na ce a'a, ban ma taɓa jin ana yi ba. Ta ajiye biro ta yi mini bayani a tsanake, kuma har yau ina yi mata addu'a saboda wannan zaman.

Ta ce a cikin yara 100 masu SS, kusan 11 suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20 idan ba a yi musu wata kariya ba, kuma abin ya fi faɗa wa ƙanana, 'yan shekara 2 zuwa 9. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna sandarewa su lanƙwashe idan iskar da suke ɗauke da ita ta yi ƙasa, suna manne wa bangon jijiya, suna kuma mutuwa da wuri: ƙwayar mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila da ƙyar take wuce kwana 10 zuwa 20. Shekara da shekaru ana wannan gurzar, sai manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su yi kauri daga ciki, hanyar ta tsuke. Ta ce in tuna tiyon ban ruwa idan an danne bakinsa da babban yatsa, yadda ruwan ke fita da ƙarfi. Haka jini ke yi a jijiyar da ta tsuke, gudunsa ƙaruwa yake. Idan aka auna gudun, za a san yaron da ke cikin haɗari tun yana wasansa lafiya lau, tun bakinsa bai karkace ba.

Nan na tuna wata yarinya a unguwarmu ta da, ita ma mai sikila, da ta tashi wata safiya hannunta ɗaya ya saki, magana ta ƙi fita. Kowa ya ce shafar aljanu ce. An yi ta hayaƙi da rubutu, iyayenta sun kashe abin da suke da shi da wanda ba su da shi, don suna son 'yarsu. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ciwon da ke sa ta ciwon ƙashi shi ne ya toshe mata jijiya.

Sunan gwajin auna gudun jinin nan TCD. An ba mu rana, aka ce kada mu zo idan yana zazzaɓi ko ciwo ya tashi, ko an yi masa ƙarin jini kwanan nan, don duk waɗannan suna canza sakamakon. Na yi zaton za a sa shi cikin wata ƙatuwar na'ura, na kwana ina tunanin yadda zan lallashe shi. Ashe ɗan ɗaki ne da gado, da kwamfuta a kan tebur, da wani ɗan abu mai waya da bai fi riƙon hannu ba. Ma'aikaciyar jinya ce ta yi masa, ba likita ba. Ta kwantar da shi rigingine, ta zauna ta saitin kansa, ta shafa masa wani mai mai sanyi a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashin ya fi siranta, sannan ta ɗora abin a wurin tana juya shi a hankali ƙwarai. Can sai ɗakin ya ɗauki wani sauti, fuu, fuu, fuu, yana tafiya daidai da bugun zuciyarsa, wasu tsaunuka masu launi suna hawa suna sauka a fuskar kwamfutar. Ya zaro ido ya ce, "Umma, mene ne wannan?" Ma'aikaciyar ta ce, "Jininka ne yake tafiya, ɗan Baba. Kwanta shiru mu ji shi, amma kada ka yi barci." Ta gaya mini barci da kuka duk suna canza gudun jinin, shi ya sa ake son yaro ido biyu kuma a natse. Ba allura, ba zafi. Ta yi dama, ta koma hagu, tana tsayawa tana rubuta lambobi.

Lambobin nan kashi uku ne. Ƙasa da santimita 170 a daƙiƙa, lafiya, sai baɗi a dawo. Daga 170 zuwa 199, tsaka-tsaki ne, a dawo da wuri a sake dubawa. Daga 200 zuwa sama, yaro yana cikin haɗari sosai, kusan 10 cikin 100 na irin waɗannan yara suna samun shanyewa a kowace shekara idan aka bar su haka. Na ɗana, ɓangaren hagu ya haura 200. Na kalli yaron da ya sauko daga gado yana neman takalminsa yana tambayata ko zan saya masa awara a bakin ƙofa, na kasa haɗa shi da abin da ke rubuce a takardar. Aka ce mu dawo ba da jimawa ba wani ma'aikacin ya sake yi don a tabbatar. Muka dawo, lambar ba ta sauka ba.

Likitar ta ce in zo da mahaifinsa, kuma ta kyauta da ta yi haka, don irin wannan shawara ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta shimfiɗa mana hanya biyu. Ta farko ƙarin jini duk wata. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa yi wa irin waɗannan yara ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin shanyewa da kusan kashi 90 cikin 100. A can shi ne ƙa'ida. Baban ya ce, "Likita, duk wata? Har yaushe?" Ta ce shekara guda aƙalla, sau da yawa ma fiye. Mu da muka sha yawon neman leda ɗaya ta jini da tsakar dare, ana kiran 'yan uwa a waya ana roƙon wanda jininsa ya dace, mun san abin da wannan ke nufi. Ga kuɗin tace jinin, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a hanta da zuciya idan ƙarin ya yawaita, wanda shi ma sai an sha wani magani mai tsada kafin ya fita, ga jiki da kan fara ƙin jinin wasu idan an daɗe ana sa masa.

Hanya ta biyu ita ce maganin haidiroksiyuriya, ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a rana. A nan ne ta gaya mana abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Ta ce hujjar da za ta ɗora ɗanmu a kan maganin nan ba daga wata ƙasa mai nisa kaɗai ta zo ba, a garin nan aka samo ta. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, da na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, tare da masu bincike na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ƙarƙashin Farfesa Michael DeBaun, sun yi wani bincike mai suna SPRING. Sun ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12, dukkansu masu sikila da gudun jininsu ya kai 200 ko ya haura, irin ɗana sak. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu suna shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu kullum, wasu miligiram 20. Iyaye ba su san gidan da ɗansu ya faɗa ba, likitan da ke duba yaron ma bai sani ba, don kada son zuciya ko fata ya shiga cikin abin da za a rubuta. Ba a bar ko yaro ɗaya ba magani ba, tunda an riga an san haɗarin da suke ciki. Aka bi su sama da shekara biyu, aka buga sakamakon a mujallar Lancet Haematology a 2022. Yara 3 ne suka samu shanyewa a gida na farko, 5 a na biyu, bambancin da masana suka ce bai kai a ce wani gidan ya fi wani ba. Idan aka lissafa, bai kai yara 2 cikin 100 a shekara ba, maimakon kusan 10 da aka sani ga waɗanda ba a yi wa komai. Ta kuma faɗa mana gaskiya cewa wancan adadi na 10 daga yaran Amurka na tsohon binciken aka samo shi, ba yaran Kano ba, amma tazarar ta yi yawan da ba za a yi watsi da ita ba. Inda miligiram 20 ya fi shi ne yaran da ke shan sa ba su cika kwanciya a asibiti ba.

Na daɗe ina tunanin iyayen yaran nan 220. Ina jin talakawa ne irina, wataƙila wasu ma ba su yi boko ba, aka zaunar da su aka karanta musu takarda, suka yarda a ba ɗansu maganin da ba za a gaya musu yawansa ba, suka riƙa kawo shi wata bayan wata ana ɗibar jininsa. A garin da jita-jita kan magani da rigakafi ke saurin yaɗuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ɗana yana cin moriyar haƙurinsu. Allah ya saka musu, ya ba 'ya'yansu lafiya.

A gida ba a karɓi maganar da sauƙi ba. Ƙanin baban ya duba sunan maganin a waya ya ga asalinsa na masu ciwon daji ne, maganar ta kai kunnen kakarsa. Hajiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Yanzu ke, yaron da yake tafiya da ƙafarsa za ki ɗura wa maganin kansa?" Ban ga laifinta ba, ni ma abin ya tsaya mini a rai. Na koma wa likitar da tambayar kamar yadda aka yi mini ita. Ta ce gaskiya ne an fara amfani da shi ne a kan wasu cututtukan daji na jini, amma an amince da shi ga manya masu sikila a Amurka tun 1998, daga baya aka amince da shi ga yara, kuma an gwada shi a kan ɗaruruwan yara a Angola da Kongo da Kenya da Uganda, aka buga a 2019 cewa ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, har zazzaɓin cizon sauro ma ya ragu a cikinsu.

Sai ta tambaye ni, "Kin tuna watanninsa na farko? Ya yi ciwo?" Na ce ko kaɗan, ɓul-ɓul da shi. Ta ce to dalili shi ne jariri yana zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jini na cikin ciki, ana ce masa HbF, wanda ba ya barin ƙwayar jini ta lanƙwashe. Bayan haihuwa jiki yana rage yin sa a hankali, zuwa wata shida na sikilar ya mamaye, daga nan ciwo ya fara. Wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura da wannan tun 1948. Aikin maganin shi ne ya sa ɓargo ya koma yin wani kaso na wancan jini na jarirai. Da na mayar wa Hajiya da bayanin a haka, ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah ya sa a dace." Ita ce ma daga baya take tambaya ko ya sha idan na makara a makaranta.

Kafin a fara an ɗebi jininsa an ƙirga jajayen ƙwayoyi da farare da masu daskarar da jini, an duba ƙoda da hanta, an ɗora shi a sikeli. Da nauyin ake lissafa abin da zai sha, miligiram 20 a kowane kilo, don haka duk zuwa sai an sake auna shi, yana girma ana ƙarawa. Wannan ya sa nake jin tsoro idan na ji uwa ta ce za ta saya a kemis ta ba ɗanta saboda ta ga ya yi wa ɗan maƙwabciya amfani. Maganin yana iya danne ɓargo ya rage fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, kuma ba a gane hakan da ido, sai da gwaji. Da farko kusan duk wata muke zuwa a ɗebi jini, da abin ya daidaita aka tsawaita. An ce in wanke hannu bayan na ba shi, mai ciki kada ta taɓa garin da ke cikin kwanson, kuma zazzaɓi ko na dare ɗaya ne kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida.

Wahalar da ba a rubuta a takarda ita ce ta kullum. Yaro ɗan firamare ba ya son haɗiyar ƙwaya, ya yi ta riƙe ta a kumatu har kwanson ya narke ya yi masa ɗaci. Muka tsayar da lokaci, bayan sallar isha'i, da kofin kunu a gefe. Akwai watan da na zaga kemis-kemis ban samu ba, akwai watan da kuɗin ya zo daidai da na makaranta, baban ya ci bashi. Farcensa ya ɗan yi duhu, na tsorata, likita ta ce sananne ne kuma ba ya cutarwa.

Bayan wasu watanni aka sake yi masa gwajin. Lambar ta sauko tsaka-tsaki. A gwajin da ya biyo baya ta faɗo ƙasa da 170. Ma'aikaciyar ta juyo da fuskar kwamfutar ta nuna mini da yatsa, ni kuwa hamdala kawai nake, hawaye na zuba. Akwai kuma abin da ban sa rai da shi ba: ruwan ɗorawar da ke idonsa ya ragu, cin abincinsa ya ƙaru, hunturun da ya wuce bai kwanta asibiti ba, alhali a da hunturu ba ya wucewa sai mun kwana a can. Sikilar tana nan. Yana ciwon ƙafa wani lokaci, yana gajiya kafin sa'o'insa a ƙwallo. Likita ta ja mini kunne cewa saukar lamba ba izinin daina magani ba ne, kuma ko yau na ga bakinsa ya karkace, ko yana jan ƙafa, ko maganarsa ta harɗe, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintuna, in ɗauko shi a guje.

Ana cikin haka ne labarin maganin da aka ce yana warkar da sikila ya cika WhatsApp, kowa na turo mini. Na kai mata shi ma. Ta ce labarin yana da tushe. Sunansa Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mai ciwon, a kai su ɗakin gwaji a gyara su da fasahar CRISPR, mai yanka ƙwayoyin halitta don a gyara su, wadda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka samu kyautar Nobel a kanta a 2020. Wurin da ake yankewa yana jikin wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A, wadda ita ce ke kashe yin jinin jarirai bayan haihuwa. Idan aka raunana ta, ɓargo ya koma yin HbF da yawa. Wato inda maganin da ɗana ke sha ke nufa nan shi ma ya nufa, sai dai shi sau ɗaya ake yi. A gwajin da aka yi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da ciwo mai tsanani ya tashi ba. Amma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share tsohon ɓargon, ya yi makonni a asibiti ana tsare shi daga kowace cuta, kuma yana iya rasa haihuwa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2.

Na yi murna da jin cewa ɗan Adam ya kai ga wannan, har ga Allah na yi. Amma raina ya sosu. Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu sikila a duniya, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 duk shekara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu yana ɗauke da AS, kuma ban san gida ɗaya a danginmu kaf da zai iya tara ko kashi ɗaya cikin dubu na wancan kuɗi ba. Ina fata ya yi sauƙi kafin ɗana ya girma. Kafin nan, abin da ke tsakanin ɗana da shanyewa shi ne na'urar da ma'aikaciyar jinya za ta iya koyon aiki da ita, da ƙwayar maganin da har a Najeriya ana haɗa ta, kuma ko waɗannan biyun yawancin yaranmu ba su samu ba. A ganina nan ya kamata gwamnatocin jihohinmu da masu hannu da shuni su sa kuɗinsu, tunda an riga an yi binciken, an kuma yi shi a kan 'ya'yanmu.

Ƙa'idar ita ce duk yaro mai SS a yi masa TCD sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Matar yayana da ke wani ƙauye a Jigawa tana da 'ya mai sikila 'yar shekara huɗu, kuma duk yawan zuwansu asibitin yankinsu ba a taɓa ambata mata gwajin ba, don babu na'urar a can. Na sa ta shigo mota ta kawo ta Kano, suka kwana a gidanmu, da safe na raka su. Tata lambar ta fito ƙasa da 170, aka rubuta mata ranar dawowa baɗi, aka kuma tura ta wurin likita a duba ko ita ma za a fara ba ta maganin saboda yawan ciwon ƙashin da take yi.